Takardar da Na Ɗauka ta 'Yan Sanda Ce

Shekara 14 na yi ina tuƙin mota a gida kafin in bar ƙasa. Hanyar Jos zuwa Kaduna ta Saminaka na bi ta ba iyaka, na san ramukanta, na san inda 'yan sanda sukan tsaya. A cikin shekarun nan duka ban taɓa ganin mutumin da kamfanin inshora ya biya ko kwabo ba. In an yi karo sai a fito a yi ta cacar baki, mutane su taru su ba da haƙuri, daga baya wanda ya fi laifi ya bi ɗan'uwansa zuwa wurin mai gyara. Takardar inshora kuwa tana can cikin aljihun mota tare da sauran takardu. Wani mutum mai tebur a gindin itace kusa da ofishin lasin shi yakan yi mini ita kowace shekara, ban kuwa taɓa tambayarsa ko sunan kamfanin ba. Aikinta ɗaya ne a wurina: in ɗan sanda ya ce, "Kawo takardu," in miƙa masa.

Da wannan tunani na tafi Amurka, shi ne kuwa ya jawo mini abin da zan ba ku labari.

Uwargidana ma'aikaciyar jinya ce. Aikin asibiti ne ya kai mu birnin Hiyustan a jihar Teksas cikin 2012, mu da 'ya'yanmu uku. Ni kuwa na sami aiki a wani babban sito inda ake tara kayan kantuna. Wanda bai ga Hiyustan ba zai yi wuya ya gane yadda mota take a can. Gari ne shimfiɗaɗɗe, daga gidanmu zuwa wurin aikina mil 19 ne, ba ɗan acaba, ba motar haya da za ka ɗaga wa hannu a bakin hanya. Marar mota kamar gurgu yake. Saboda haka da na sami lasin na jihar sai na sayi wata tsohuwar Toyota, ita kuma uwargida tana da tata.

Dokar Teksas ta ce kowane mai mota sai ya nuna yana da abin da zai biya ɓarnar da ya yi wa wani, yawancin mutane kuwa da inshora suke nuna wannan. Tun daga 2011 mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi ke nan: dala 30,000 domin mutum ɗaya da ka ji wa rauni, dala 60,000 domin dukan waɗanda suka ji rauni a hatsari guda, da dala 25,000 domin motar wani ko dukiyarsa. An karanta mini wannan duka ran da na sa hannu, amma ta kunnen nan ya shiga ya fita ta wancan. Abin da na riƙe shi ne za a riƙa cire mini dala 90 kowane wata, an kuma ba ni wani ɗan kati in ajiye a mota. Na duba katin, na ga an rubuta yana aiki har wata shida. Nan da nan zuciyata ta fara lissafi.

Cikin 2015 tsohuwata ta kwanta ciwo a gida. Waya ba ta hutawa, wannan ya ce magani, wancan ya ce kuɗin gado. Wanda yake ƙasar waje ya san irin wannan waya, mutanen gida kuwa gani suke a ƙasa ake tsintar dala. Sai na ce wa kaina, katin nan ai yana hannuna, kwanan watansa bai ƙare ba, me zai sa in yi ta zuba kuɗi a rijiya? Na daina biya. Kamfani ya aiko da wasiƙa, na yage ta. Ban gaya wa uwargida ba, gama na san abin da za ta ce.

Wata biyu da rabi na yi lafiya lau. Ran nan da dare ina dawowa daga aiki sai ɗan sanda ya tsai da ni saboda wutar birkina ɗaya ta mutu. Na miƙa masa lasin da kati da ƙarfin zuciya, kamar yadda na saba a gida. Ko duban katin bai yi sosai ba. Ya ce, "Inshorarka ta mutu tun watan Maris." Ashe jihar tana da wani tsari da ake kira TexasSure, inda kamfanonin inshora suke aika da sunayen motocin da suke riƙe da su. Ɗan sanda yana buga lambar motarka a kwamfutar da ke cikin motarsa ya san kome, tun bai buɗe ƙofa ba. Kifi na ganinka mai jar koma, ni ban sani ba. Ya rubuta mini takardar sammaci, ya ce in sauka lafiya. Ba faɗa, ba roƙo, ba "Oga, a taimaka."

Tarar laifin farko daga dala 175 ne zuwa 350, ban da kuɗin kotu. Na tafi ofishin kotu a ɓoye na biya a taga, ina murna ban tsaya gaban alƙali ba. Ban san biyan tara a can daidai yake da amsa laifi ba, ana kuwa rubuta shi a kan sunanka. Bayan 'yan makonni sai ga wata wasiƙa. A lokacin jihar tana da wani haraji na musamman a kan direbobi masu laifi, wanda aka kama ba inshora sai ya biya dala 250 kowace shekara har shekara uku. Na biya na shekarar farko daga kuɗin aikin ƙarin lokaci. Wannan ma uwargida ba ta sani ba.

Mai karatu zai ce, to, ai ya ji jiki, ya daddara. Ina! Na sayi inshora, na biya wata huɗu. Da Kirsimeti ta zo da hidimarta, ga kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanena a gida, sai na sake sakinta. Na ce sai dai in yi hankali da fitilu. A watan Maris na 2016 aka sake kama ni, wannan karo saboda ban tsaya cak a wata mararraba ba. Tarar laifi na biyu daga dala 350 ne zuwa 1,000. Na ci bashi wurin abokin aiki na biya. Daga ranar kuwa na yi wa kaina alkawari, na sayi inshora wurin wani kamfani mai araha, ban ƙara fashin ko wata ɗaya ba. A ganina magana ta ƙare.

A watan Afrilu muka tashi zuwa wani gida mai ɗaki uku. Doka ta ce wanda ya sake gida ya sanar da ofishin lasin cikin kwana 30. Uwargida ta yi nata, ni na ce gobe, gobe. Wasiƙun hukuma duka sai suka yi ta zuwa tsohon gida.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Asabar cikin Agusta ina kwance bayan aikin dare, sai na ji muryarta daga ɗakin girki.

"Baban yara, zo ka karanta mini wannan."

Ta fi ni Turanci nesa ba kusa ba, don haka da jin ta ce in karanta mata sai gabana ya faɗi. Wasiƙa ce daga kamfanin inshorar motarta. Lokacin sabunta yarjejeniya ya yi, sun bincika dukan masu lasin da ke gidan, kamar yadda sukan yi, suka tarar an dakatar da lasin ɗin mijinta. Sun ba ta zaɓi: ko ta sa hannu a cire sunana, wato in na tuƙa motarta wani abu ya faru ba ruwansu, ko kuwa ta nemi wani kamfani.

Na karanta har ƙarshe, na sake komawa farko, don kada in ɗaga kai. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce wallahi dakatarwar nan yau na fara jinta. Ta ce, "Ba ita nake tambaya ba." Sai na zauna na gaya mata duka, tun daga wutar birki. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Da na gama sai ta ce, "Kuɗin Mama da ka aika, da ka faɗa mini ai da na ƙara da nawa. Surukata ce. Amma ka kwashi 'ya'yana kana kai su makaranta wata da watanni a mota ba inshora, in ka buge ɗan wani fa? Me za mu sayar?" Ta miƙo hannu, na sa mata makullin motata.

Ran Litinin na buga waya ofishin lasin na ji yadda abin yake. Wanda aka same shi da laifin tuƙi ba inshora sau biyu, jihar takan dakatar da lasinsa sai in ya kawo wata shaida da ake kira SR-22. An aiko mini da gargaɗi, ban amsa ba, aka dakatar. Harajin shekara na laifi na biyu ma an aiko da takardarsa, ita ma tana tsohon gida. Kusan wata uku ke nan ina tuƙi da mataccen lasin. Wannan kuwa wani laifi ne dabam: tararsa takan kai dala 500, in kuma an kama mutum ba lasin ba inshora gaba ɗaya, abin yana iya kaiwa ga ɗauri har kwana 180. Ni baƙo ne a ƙasar, ina jiran lokacin da zan nemi takardar zama ɗan ƙasa. Na ajiye waya, hannuna yana rawa.

Na ce wa matar da ta amsa mini, "Amma ai ina da inshora yanzu." Ta ce ba inshora kawai ake nema ba. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, bari in bayyana shi yadda daga baya na gane shi. SR-22 ba wata irin inshora ba ce. Takarda ce da kamfanin inshora da kansa yake aika wa hukuma, yana cewa, "Mutumin nan muna riƙe da shi, yana da abin da doka ta ce, ran da ya daina biya kuma za mu sanar da ku." Kamar mai tsaya wa mutum ne a wurin beli. Hukuma ta daina gaskata bakinka da katinka, sai ta ji daga bakin wani. A Teksas shekara biyu ake riƙe ta, daga ranar da aka yanke hukunci. A jihohi da dama shekara uku ce, wasu jihohi kuwa, kamar Niyu Yok, ba sa aiki da ita sam. Ba masu tuƙi ba inshora kaɗai ake nema wa ita ba, har da waɗanda aka kama suna tuƙi a buge, da waɗanda suka yi hatsari suka kasa biyan ɓarna.

Na buga wa kamfanina na ce su aika mini da ita. Suka ce su ba sa yin wannan, tun da kuma sun ji an dakatar da lasina, in yarjejeniya ta ƙare ba za su sabunta ba. Na gwada wani babban kamfani, suka tambayi lambar lasin, suka yi shiru kaɗan, suka ce su ba sa ɗaukar mai lasin da aka dakatar. Na gwada na uku, haka. Kai! Hukuma ta ce ba lasin sai da inshora, kamfani ya ce ba inshora sai da lasin. Na rasa ta inda zan kama zaren.

Cikin kwanakin nan wani ɗan ƙasarmu da ya daɗe a garin ya zo gaishe mu. Da ya ji labari sai ya yi dariya, ya ce ƙaramin abu ne. A mai da motata sunan uwargida, ta je wani kamfani ta sa motocin biyu a sunanta, in an tambaye ta ko akwai wani direba a gidan ta ce babu, mijinta yana Nijeriya. Ni kuwa in ci gaba da tuƙi a hankali, in an buga lambar mota za a ga tana da inshora, ba mai tsai da ni. Ba zan ɓoye muku ba, shawarar nan ta shige ni. Na dubi uwargida. Ta ce masa, "Mun gode, Yaya, amma ni ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Lasina na aikin jinya da shi muke ci a gidan nan." Bayan ya tafi ta ƙara mini da abin da ta gani da idonta a asibiti. Kamfani ba ya binciken maganarka ran da kake biya, sai ran da shi zai biya. In ya tarar ka ɓoye direba, yana iya ƙin biya, ya soke yarjejeniyar, kuɗin da ka zuba duka ya tafi a banza, bashin kuwa ya hau kanka. Ta ga mutanen da aka kawo kwana uku kaɗai suka yi a gado, takardar kuɗinsu ta fi albashina na shekara. Washegari ta sa hannu aka cire sunana daga inshorar motarta.

Na koma bin bas. Aikin da nakan isa cikin minti 35 ya zama tafiyar sa'a biyu, bas biyu da tafiyar ƙasa a tsakani. Zafin Hiyustan a watan Agusta kuwa ba irin namu na Jos ba ne, zafi ne mai gumi, kamar an rufe ka da jiƙaƙƙen bargo. Motata tana nan a ƙofar gida, kullum in wuce ta. Yara suka koma bin motar makaranta. Ran Lahadi uwargida ce take jan mu, ni ina gefe kamar fasinja, ni da na yi shekara 14 a kan hanyar Saminaka. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni ko na manta tuƙi ne. Na ce mata Baba ya yi laifi ne, hukuma ta ce ya huta. Ta ce, "Kamar yadda malama take tsai da mu a lungu?" Na ce haka ne.

Wani dattijo da muke majami'a ɗaya, wanda ya yi shekaru yana tuƙin tasi a garin, shi ya nuna mini hanya. Ya ce, "Ɗana, manyan kamfanoni kake ta bugawa. Akwai masu cin abinci da irinku." Ya kai ni wani ɗan ofis tsakanin shagon aski da wurin wankin kaya. Matar da ke wurin ba ta yi mamakin labarina ba ko kaɗan, da gani ta saba. Ta ce akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, ɗaukar direbobin da wasu suka ƙi. Suna karɓar mai lasin da aka dakatar, su aika da SR-22 domin a sake masa lasin. Kuɗin aika takardar ba yawa, dala 25 na biya. Inda ciwon yake shi ne kuɗin wata, gama yanzu sunana yana cikin waɗanda ake tsoro. Daga dala 90 ya zama 205, inshorar kuwa ita ce dai mafi ƙanƙanta, ba a ƙara mini kome ba. Na yi lissafi a zuci: watannin da na ƙi biya duka ba su kai dala 600 ba.

Matar nan ta koya mini abubuwa da dama ran nan, ina tsammani za su amfani wani. Wanda ba shi da mota ma yana iya samun SR-22, akwai inshorar da ake yi wa direba marar mota, wadda take rufe shi in ya ari motar wani jifa-jifa. Amma ba ta rufe motar da ke cikin gidanka wadda kake hawa kullum. Wanda kamfanoni suka ƙi shi sarai, jihar tana da wata ƙungiya ta kamfanonin inshora inda ake rarraba irin waɗannan direbobi a tsakaninsu, wanda kamfani biyu suka ƙi yana iya nema ta can. Wanda kuma aka yanka wa dakatarwa ta ƙayyadadden lokaci, yana iya roƙon alƙali ya ba shi lasin na larura, domin zuwa aiki ko makaranta ko hidimar gida kawai, a sa'o'in da alƙali ya rubuta. Shi ma sai da SR-22. Ni ban bukaci wannan ba, tawa dakatarwa takarda da kuɗi take jira. Da zan tafi sai ta riƙe hannun ƙofa ta ce, "Abu ɗaya kada ka manta. Ko kwana ɗaya kada ka bari ta mutu. Muna sanar da hukuma, su kuwa su sake dakatar da kai."

Na biya dala 100 kuɗin mai da lasin, na shirya biyan harajin nan kashi-kashi, na jira kusan mako huɗu. A farkon Nuwamba na duba na ga an sake ni. Uwargida ta ɗauko makulli daga cikin jakarta ta ajiye a kan tebur, ba ta ce kome ba. Batirin motar ya riga ya mutu, sai da maƙwabci ya taimake ni.

A watan Fabrairu na 2017 abin da take tsoro ya faru. Ana yayyafi, hanya da santsi, motar da ke gabana ta taka birki a bakin danja, ni kuma na taka, tawa ta zame ta daki bayanta. Ba mugun karo ba ne. Wata mata ce mai kamar shekara 60 ta fito tana riƙe da wuyanta, jikanta yana kuka a kujerar baya. Jikina ya ɗauki rawa, na fara ba ta haƙuri irin namu na gida, har ina shirin ce mata in kai motar wurin makanikina. Ba ta ma gane abin da nake nufi ba. Ta ce, "Kana da inshora?" Na ce ina da ita. Ta ɗauki hoton katin da wayarta, na ɗauki nata, ɗan sanda ya zo ya rubuta, kowa ya kama hanya.

Bayan wata uku kamfani ya aiko mini da bayanin abin da ya biya: gyaran motarta, da motar da ta yi haya kafin a gama gyara, da kuɗin asibiti da na gashin wuya. Jimla ta wuce dala 11,000. Na daɗe ina duban takardar nan. Da shekara guda kafin wannan ne, ina zan samo su? Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Matar nan fa? Ba ta yi mini laifin kome ba, jikanta ta ɗauko daga makaranta. Da ni ne na da, da sai ta ɗauki ciwon wuyanta da bashin asibiti ta tafi da su gida, ni kuwa in bi ta da "yi haƙuri." Shekaru nawa ina ganin kuɗin inshora kamar kuɗin da ake ba ɗan sanda a wuce, ashe tun farko na matar nan ne, tun ban san fuskarta ba. Gaban motata kuwa ni na gyara da kuɗina, gama inshorar da nake da ita ta ɓarnar wani ce kawai. Kuɗin watana ma ya ƙara hawa.

Wannan bambanci na sake jinsa a jika a ƙarshen Agusta na shekarar, sa'ad da guguwar Harvey ta sauka a kan Hiyustan. A wasu wurare ruwan da ya zuba cikin 'yan kwanaki ya wuce inci 50, kusan abin da Jos take samu a shekara guda. Uwargida tana asibiti, kwana huɗu ba ta dawo ba, motarta kuma tana hawa na uku a wurin ajiye motoci, ta tsira. Tawa kuwa ruwa ya kai har sitiyari. Maƙwabcina wanda ya sayi cikakkiyar inshora, wadda take rufe ambaliya da sata da gobara, an biya shi kuɗin motarsa. Ni ko sisi.

Da janwe ya ɗauke ta sai na ce, to, ba mota, me ya rage na biyan inshora? Har na ɗauki waya in soke. Matar ofishin nan ce ta amsa, ta ce, "Ka manta abin da na gaya maka a bakin ƙofa?" Saura wata bakwai shekara biyuna su cika. In na soke, su sanar da hukuma, a dakatar da ni, in sake biyan dala 100, in sake jira. Haka na biya kuɗin wata biyu a kan motar da ta riga ta zama ƙarfen bola, kafin mu haɗa kuɗin wata tsohuwar Honda a mai da yarjejeniyar kanta. A watan Maris na 2018 wa'adin ya cika. Harajin shekara-shekara na gama biyansa a ƙarshen shekarar, dala 1,500 duka. Ran 1 ga Satumba, 2019, jihar ta soke wannan haraji gaba ɗaya, ta yafe wa waɗanda ake bi, mutane fiye da miliyan guda kuwa lasinsu yana dakace saboda shi a lokacin. Mu da muka riga muka biya ba a mayar mana da kome ba. Ban ji haushi ƙwarai ba, amma na ji.

A Disamba na 2023 na zo gida ganin tsohuwa, ƙanena ya zo ɗaukata da motarsa. Muna cikin tafiya na buɗe aljihun mota, sai ga takardar nan a naɗe cikin leda, kamar yadda nakan ajiye tawa. Dokar inshorar ɓarnar wani tun 1945 take a Nijeriya, ta girme mu duka. Daga Janairu 2023 kuma an mai da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan 3. Na tambaye shi nawa ya biya, ya ce dubu biyar, wurin wani mutuminsa. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da wurin da ake duba lambar mota a intanet, a ga ko takarda ta gaske ce. Na buga lambarsa a wayata. Babu ita.

Ya ce, "Yaya, ai 'yan sanda suna karɓa."

Na ce masa ya juya mu shiga gari. Muka sami ofishin wani kamfani, na biya, aka ba shi takarda. Ya yi ta gunaguni har gida, wai dubu goma sha biyar da ta sha masa mai. Bayan kwana biyu na sake buga lambar, ta fito da sunansa, na nuna masa. Ya duba, ya ce to ya gani, ya mai da takardar cikin ledarta.